Rikodar da Ta Shiga Gidanmu a Kan Faifai

Duk mai bin titin Kura da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne siriri a kan tsohon babur, tabarma naɗe a bayansa, jakar fata rataye a wuya. Da ya dawo daga masallaci, zama yake yi a dakalin ƙofar gida ya buɗe rikodarsa, ya goge cikinta da auduga a hankali kamar mai share wa jariri ido. Ya kwaso batiran da ya shanya jiya a rana, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi masu sauran rai. Sannan ya kurɓi koko, ya buga babur sau huɗu ko biyar kafin ya yarda ya tashi, ya kama hanya.

Sunansa Malam Dalhatu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a wani gidan rediyo a cikin birni, kuma watan jiya ya ajiye aiki. Ba a yi masa walima ba, ba a ba shi ko guntuwar takardar yabo ba. Na kasa kunne mako guda cur ko za su ambace shi a ƙarshen labarai, shiru kake ji. To, tun da su a wurinsu bai isa ba, ni Rukayya Iliyasu, malamar Islamiyya a wani ƙauye da ke gefen Bunkure, a wurina ya isa, kuma zan faɗa da babbar murya. Ba zan kama sunan gidan rediyon ba. Ba tsoro ba ne, talla ce ba zan yi musu kyauta ba.

Waɗanda suka yi wayo kafin shekarar 2007 suna tune da shirinsa, "Tabarma Ɗaya", duk ranar Laraba bayan la'asar. Shirin hira ne, amma ba irin wadda ake kiran babban mutum a zaunar da shi a ɗaki mai sanyi yana ta zuba ba mai katse shi. Malam Dalhatu goyo baƙonsa yake yi a babur, ko farfesa ne, ya kawo shi bakin kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu na rani, ya shimfiɗa tabarmar nan, kowa ya cire takalmi. Masani a wannan gefe, manomi a wancan, rikoda a tsakiya. Ya taɓa haɗa ɗan damben da ya karye sau biyu a hannu ɗaya da maɗori da likitan ƙashi, suka yi ta musu har likitan ya ce wallahi ya ƙaru. Shekarar da aka yi husufin rana, ya zaunar da malamin zaure mai lissafin taurari da malamin jami'a, aka ɗauko goruba da tumatir aka nuna yadda wata ke tare rana. Ya yi hira da masaƙi, da mai horar da 'yan ƙwallon Garun Mallam, da tsohuwar da ta haddace waƙoƙin niƙa waɗanda injin niƙa ya kashe. A gidanmu, in Laraba ta yi, ko kaza ta yi kuka sai an kore ta.

Yana da ƙa'ida biyu da ban taɓa jin ya karya ba. Ta farko, ba ya sakin muryar mutum a iska sai ya mayar da kaset baya ya kunna masa, mai magana ya ji maganarsa da kunnensa, ya ce a bari ko a cire. Ta biyu, kowace hira da tambaya ɗaya yake rufe ta: "To, mece ce ba a taɓa tambayarka ba?" Manyan mutane da yawa sun yi shiru a nan, har ka ji kukan kwaɗi a bayansu.

Mu mata kuwa, da yake ba shiga ake yi mana ba, sai ya samo dabara. Ya zauna a zaure wurin mai gida, ya danna jan maɓalli, ya ɗora rikodar a kan faifai, mai gidan ya miƙa ta ciki kamar an kawo goro. Mata su zagaye ta a tsakar gida, mai tambaya ta yi tambayarta, mai ƙorafi ta amayar da nata, a mayar da faifai zaure. Bayan mako biyu ko uku sai ki ji muryarki a rediyo, ga wani masani yana ba ki amsa da sunanki. Abokan aikinsa dariya suke yi masa, wai Dalhatu ya mayar da rediyo gidan biki. Ko a jikinsa.

A kan wannan faifan ne aikinsa ya tafi, kuma a gidanmu abin ya faru, shi ya sa nake da bakin magana.

Wanda bai zauna a yankinmu ba ba zai gane darajar jarkar maganin feshi ba. Roba ce mai kauri, murfinta ba ya yoyo, ga mariƙi mai daɗin riƙo. In mazan sun gama fesa wa tumatir da shinkafa, mata har rige-rige suke yi a kanta. A zuba man gyaɗa, a zuba ruwan sha, a ɗura kunu a kai wa masu aiki gona. Kuma kada wani ɗan birni ya ce jahilci ne ko ƙazanta, ba mu yarda ba. Mun san guba ce a ciki, shi ya sa muke wanke ta. Mahaifina, Malam Iliyasu, mai makarantar allo ne, mutane na zuwa daga nesa su tambaye shi hukunci. Da aka tambaye shi game da jarka, sai ya ce a wanke ta sau bakwai, kamar yadda ake wanke ƙwaryar da kare ya sa wa baki. Haka ƙauyenmu da na kusa da mu suka riƙe. Sau bakwai muke wankewa, da toka, da sabulu, muna ƙirgawa da yatsu, mu kife ta a rana, hankalinmu kwance.

A ranin 2007 Saude, matar yayana Abdulsamad, ta kwanta. Ciwon kai, jiri, amai, hannu na rawa, yawu na zuba. In an kai ta asibiti ta kwana uku sai ta warware, in ta dawo gida kwana biyu sai ciwo ya dawo. Aka ce iska ce ta bakin kanal, aka yi rubutu, aka yi turare. Cikin wata biyar da take ɗauke da shi ya zube. Na ga yayana, ƙaton mutum mai ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai, ya juya fuska ga bango yana kuka.

Ana cikin haka Malam Dalhatu ya zo ƙauyenmu kan wata hira daban, ta masu turara shinkafa. Faifai ya shigo. Mata suka yi ta magana kan tsadar itace da hayaƙin da ke cin ido. Mahaifiyata, Inna Fatu, wadda ba ta taɓa cewa uffan a rikoda ba, sai ta jawo faifan gabanta.

Ta ce, "Salamu alaikum, Malam. Ni tambayata ɗaya ce. Surukata in tana asibiti lafiya lau, in ta dawo ɗakinta sai ciwo. A asibiti da kofinsu take sha. A gida tana da jarkarta ta ruwa ita kaɗai, sabuwa fil, mijinta ya ba ta. Mun wanke ta sau bakwai, ni da hannuna na wanke. To ina so a tambayar mini masu ilimi, wanki bakwai yana fitar da maganin feshi ko ba ya fitarwa?"

Kai, ranar na san Inna ta fi mu duka kai.

Bayan kwana huɗu ya dawo, goye da wani Dakta Muhammadu Sani, malamin jami'a mai binciken magungunan gona. Aka shimfiɗa tabarma a zauren Baba. Mu muna bayan ƙofa, kunnuwa a tsaye. Daktan bai yi dogon Turanci ba. Ya ce a kawo jarkar Saude a sake wanke ta sau bakwai a gabansa, aka wanke. Ya sa aka cika ta da ruwa aka ajiye a rana, aka ci gaba da hira har aka yi azahar. Yayana ya kamo 'yan karfasa daga kanal, aka raba su kwano biyu. Ɗaya aka zuba masa ruwan randa, ɗaya ruwan jarka. Kafin la'asar na kwanon jarka sun juya ciki sama, na kwanon randa suna ta wasansu.

Daktan ya ce, "Allah gafarta Malam, maganin nan shiga jikin robar yake yi, kamar yadda manja ke kama ƙwarya. Ko sau saba'in aka wanke, zafi na bugunta zai riƙa tsattsafowa. Maganinta ɗaya, a huda ta da ƙusa, a binne nesa da ruwa."

Kowa ya san daga bakin wa wanki bakwai ya fito. Sai na ji muryar Baba.

Ya ce, "Ni na faɗa musu. Na ɗauko hukuncin tsarki na ɗora a kan guba, alhali ba fannina ba ne. Jarkar nan ta tsarkaka, amma ba ta daina kisa ba. Na yi kuskure, kuma jikana ne ya tafi a kai. Allah Ya yafe mini. Duk wanda ya ji waccan magana daga bakina, to ya ji wannan ma."

Malam Dalhatu ya mayar da kaset baya kamar yadda ya saba, ya kunna. Baba ya saurari kansa har ƙarshe, sannan Malam Dalhatu ya tambaye shi.

"Allah gafarta Malam, in cire wannan wurin? Bayanin Dakta kaɗai ya wadatar."

"Kada ka cire ko harafi. Ba Dakta suka bi ba, ni suka bi. In ba su ji daga bakina ba, ba za su jefar da jarka ɗaya ba."

Malam Dalhatu, kai ne ka fita daga zauren nan da kaset ɗin a aljihun ƙirji, hannunka dafe da shi. Na leƙa ta kafar ƙofa na gan ka. Ka san abin da ka ɗauka, kuma ina jin tun a lokacin ka san abin da zai biyo baya.

Ga abin da ya biyo baya. Akwai wani babban dillalin maganin feshi da ke ɗaukar nauyin shirye-shirye a gidan rediyon, kuma a tallarsa har cewa ake yi, in magani ya ƙare uwargida ta samu jarka. Shugaban sashensu ya saurari kaset ɗin ya kira Malam Dalhatu ofis. Wani ma'aikacin wurin, Sammani, wanda ke haɗa sauti, yana tsaye aka yi, shi ya ba ni labari kuma ya ce in rubuta da sunansa.

Shugaban ya ce, "Dalhatu, hira ta yi kyau. Amma ka cire kifayen nan da maganar jarka. Ka bar wurin turara shinkafa."

"Ranka ya daɗe, in na cire jarka me ya rage? Hayaƙi?"

"Kana so ka rufe mana baki da abinci ne? Mutumin nan in ya janye, kai za ka riƙe gidan?"

"Ni dai mai maganar ya ji maganarsa, ya ce kada a cire ko harafi. Ban taɓa saɓa wa mai magana ba, ba kuwa zan fara da malamin da ya tona kansa don mutane su rayu ba."

Larabar nan muka zauna, gidanmu cike da matan unguwa, Saude a jingine da bango. Lokaci ya yi, sai muka ji kiɗa. Kiɗa! Rabin awa ana kiɗa. Mako na biyu ya sake miƙa musu kaset ɗin nan dai, ba sabo ba, aka sake sa kiɗa. Mako na uku haka. Sammani ya ce har roƙonsa ya yi, "Malam, ka kawo wata hirar mana, ka ajiye wannan zuwa gaba." Ya ce masa babu wata hira a bayan wannan, layi ne, sai ta wuce. A mako na huɗu aka soke "Tabarma Ɗaya". Aka mayar da mutumin da ya zaunar da farfesoshi a ƙasa teburin sanarwa, yana karanta cigiyar akuya da ɗaurin aure da rasuwa.

Sun ɗauka sun gama da shi. Ashe ba su san wa suka taɓa ba.

Rikodar tasa ce, da guminsa ya saya, kuma kafin ya kai musu kaset ya riga ya kwafi nasa. Asabar ta farko bayan an soke shirin, sai ga babur a ƙofar gidan mai unguwar ƙauyen da ke gaba da mu. Ya yi sallama, ya nemi faifai. Wannan karon ba jan maɓalli ya danna ba, na kunnawa ya danna. Rikoda ta shiga, mata suka ji tambayar Inna, suka ji Dakta, suka ji Baba. Ta fito, ya wuce gida na gaba. Ranar kasuwar Bunkure ya shimfiɗa tabarma kusa da 'yan tumatir ya ƙure murya. Ya bi kanal ƙauye bayan ƙauye, ya je Kura, ya je Madobi, ya je Garun Mallam, duk Asabar da Lahadi, rani da damina, shekara biyu. Kaset ya tsinke ya ɗaure, ya sake tsinkewa ya kwafi wani. A jakarsa akwai ƙusa babba da guduma. In mata sun gama ji, sau da yawa faifan ba ya dawowa shi kaɗai, sai an turo jarkoki a bayansa, shi kuma ya zauna a zaure yana hudawa.

Ba ko'ina aka karɓe shi ba, kada in yi ƙarya. Akwai gidan da aka ce masa ya tattara rediyonsa ya ba su wuri. Akwai matar da ta aiko masa da cewa jarkarta ta fi shekara biyar ba ta kashe kowa ba, in yana so ya huda sai ya saya mata wata. Yaran dillalin sun taɓa sace masa iskar taya a kasuwa, ya tura babur har gida. Har yau in kin shiga wasu gidajen za ki ga jarkar a bayan randa. Amma a ƙauyenmu babu ko ɗaya, kuma yanzu in amarya ta zo da ita cikin kaya, tsofaffi ne ke fara ɗaga murya. Saude ta warke sarai. Bara ta haifi 'ya mace, Fa'iza, ga ta nan tana rarrafe tana jan mini takarda ina rubutun nan.

Kai ne, Malam, wanda aka ƙwace wa iska ya bi ƙasa. Kai ne ka ɗauki tambayar tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba da nauyin da kake ɗaukar ta gwamna. An ce ka ɓata wa kanka aiki a banza, an ce taurin kai ne, an ce da ka yi haƙuri da yanzu kai ne shugaban sashe. Masu faɗin haka su zo su faɗa a gaban Saude.

Ku kuma samarin da kuka cika gidajen rediyo yanzu, masu "hello, wa ke kan layi", ba na raina ku, muna jin ku. Amma layin nan masu waya kaɗai ke hawansa. Akwai mata a bayan katanga da tambayoyi a bakinsu, ba wanda ya taɓa miƙa musu faifai. Ku fito daga ɗakin sanyi, ku cire takalmi, ku zauna a ƙasa. In an ce ku cire gaskiya daga kaset, ku tuna akwai wanda aka ce wa haka ya ƙi, kuma bai mutu ba, yana nan Kura yana shan kokonsa.

Da muka ji ya ajiye aiki ba a yi masa komai ba, Inna ta ce wallahi ba za ta saɓu ba. Baba ya aika aka gayyato shi ranar Laraba bayan la'asar, lokacin shirinsa na da. Ya zo, ya zauna a zaure, ya ɗauka wata hira ake so. Baba ya ce ya ba da rikoda da sabon kaset, ya bayar, ya danna jan maɓalli da kansa. Faifai ya shigo. Mata sun fi arba'in a tsakar gidanmu, wasu daga ƙauyukan da ya bi da guduma. Kowace ta matso ta faɗi sunanta da garinsu ta yi masa addu'a. Saude kuwa sai ta kawo bakin Fa'iza kusa, yarinya ta yi gwarancinta. Inna ce ta ƙarshe.

Aka mayar da faifai zaure. Muka taru a bayan ƙofa kamar wancan karon. Muka ji ya mayar da kaset baya, ya kunna. Muryoyin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, muna jin jan hancinsa. Sannan muryar Inna ta fito.

"Malam Dalhatu, shekara da shekaru kana tambayar mutane. Yau ni zan tambaye ka. To, mece ce ba a taɓa tambayarka ba?"

Ya tsayar da kaset. Sai muka ji ƙarar jan maɓalli. Ko a nan ma sai da ya ɗauka a kaset.

Ya ce, "Hajiya, kowa tambayata yake yi me ya sa na yi. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na yi da-na-sani." Ya gyara murya. "Ban yi ba. In aka mayar da ni ofishin nan gobe, kaset ɗin nan dai zan sake miƙa musu."

Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka. Kaset ɗin yana wurin Inna, a cikin kwallarta, kuma ta ce ba za a cire ko harafi ba.